Tsohuwar da ke leƙen garkata

Shekarun baya, kafin mu dawo wannan benen na Minguettes da nake rubuto muku daga cikinsa, mun taɓa zama a wani ɗan ƙauye arewa da Lyon. Da yawa daga cikinku ba su san haka ba, don ban cika son tayar da zancen ba. Yau dai na ce bari in faɗa.

Daga Stains muka fito, can gefen Paris, inda muka yi shekaru a saman wani dogon bene, asansar, wato lif, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Da mijina ya samu aiki a Lyon, wani abokin aikinsa ya haɗa shi da wani mutum mai ba da hayar gida a ƙauyen. Ranar da na fara ganin gidan, wallahi kuka na yi. Tsohon ginin dutse ne mai launin zuma, ga 'yar garka a baya, wato ɗan lambu, katanga ta zagaye ta. Ni da na tashi a Damagaram a gida mai faɗin tsakar gida, na manta rabon da tafin ƙafata ya taɓa ƙasa. Na cire takalmi na tsaya a kanta, na ce ya Allah, in da alheri ka bar ni a nan.

Mai gidan ɗan kasuwa ne, a cikin Lyon yake zaune, mutum mai fara'a da saurin magana. Da yake miƙa wa mijina makullai sai ya rage murya ya ce, "Abu ɗaya zan gaya muku. Akwai wata ƙungiya a garin nan, ta tsofaffin da ba su da aikin yi, wai su masu kare tarihin gari. Ba ka canza taga, ba ka shafa fenti, ƙusa ma ba ka kafawa sai sun sa baki. Ina son in gina rumfar motoci a ƙarshen garkar nan, wajen katanga, sun tsaya mini a wuya. In kun yi nesa da su, in wa'adin hayarku ya cika in sabunta muku ba wata magana. In kun shiga cikinsu kuwa, to."

Bai ƙarasa ba, ya ɗaga kafaɗa yana dariya. Mu ma muka yi dariya. Amma ni na riƙe maganar.

Ba mu daɗe ba muka ga alama. Mijina ya kafa mini parabol, farantin talabijin, a gaban gida don in riƙa kallon tashoshin gida da wa'azi. Washegari sai ga sallama, ko in ce sai ga ƙararrawa. Wani dogon dattijo ne da 'yar hula a karkace, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ne shugaban ƙungiyar. Ya gaishe ni da ladabi har yana ɗan rusunawa, ya ce garin yana cikin waɗanda doka ta kare, bai halatta a ga faranti irin wannan daga kan titi ba. Kafin ya tafi ya nuna mini dandalin da ke gaban coci.

A dandalin akwai wani dogon dutse da aka kafa don tunawa da 'yan garin da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya. An sassaƙa sunayensu a jiki, an ɗora zakara na ƙarfe a samansa. Duk ya yi baƙi, gansakuka ta cinye rabin sunayen, gefe ɗaya ya tsage har an tokare shi da katako. Ni in zan wuce kau da kai nake yi, don a ganina gunki ne. Dattijon ya ce suna neman tallafi su gyara shi, kuma zai ji daɗi in zo taronsu.

"Zai yi kyau a ga fuskoki iri-iri a cikinmu, Madam," in ji shi, idonsa a kan hijabina.

Na ce masa zan yi shawara. Ina rufe ƙofa na ce a raina, fuskoki iri-iri ko? Jiya ka ga farantina bai dace da garinku ba, yau fuskata ta dace da hotonku. Muka sauke parabol ɗin muka mai da shi baya, inda tashoshin suke zuwa suna ɗaukewa.

Amma ba shi ne ya hana ni sakewa ba. Tsohuwar ce.

Wani siririn lungu ne ya raba gidanmu da nata, tagar ɗakinta na sama kuma tana kallon garkata kai tsaye. Ta haura tamanin, 'yar ƙarama, gashi fari fat, kullum cikin rigar sanyi mai ruwan toka. A kusurwar katanga, inda rana ta fi zama, na shuka yakuwa da irin da aka kawo mini daga gida, na kuma ɗaura igiyar shanya. To duk lokacin da na je kusurwar nan sai labulenta ya motsa. In na juya in ga rabin fuska. In na ɗaga mata hannu, labule ya koma.

Wata safiya na gama wankin tsummokaran goge-goge, na ɗauko bokitin ruwan zan watsa a kusurwar, sai na ji ihu daga sama.

"Non, Madame! Pas là!"

Wai kar in zuba a nan. Na tsorata har ruwan ya jiƙa mini zani. Na ɗaga kai, ta buɗe tagar gaba ɗaya. Na ce, "Me ya faru, Mama?" Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe tagar. Na tsaya da bokiti a hannu ina tunani: gidana, garkata, ruwana, wannan kuma wace doka ce ta tarihin gari?

Daga nan ta fara tare ni a hanya. Mai burodi yana zuwa da mota ya tsaya a dandali, mata su yi layi. Sai in ji ta a bayana, tana taɓa gwiwar hannuna.

"Madam, ku in mutum ya mutu, ina kuke juya fuskarsa?"

Na ce gabas, wajen Makka. Ta gyaɗa kai, ta tafi ko burodin ba ta saya ba.

Wani satin: "Da me kuke naɗe shi? Akwati kuke sa shi?"

Wani satin kuma: "In mace ce ta rufe idon namiji, wanda ba nata ba, laifi ne a wurinku?"

'Yan uwa, ku sa kanku a matsayina. Baƙuwa, ni kaɗai ce baƙar fata a layin, tsohuwa tana bina da tambayar gawa. Na dawo gida na kira yayata da ke Stains. Ko gaisuwa ba mu gama ba na zuba mata komai.

"Tsaya. Likkafani ta tambaye ki?"

"Wallahi, Yaya."

"To mayya ce."

"Haba Yaya, Anasara?"

"Au, su ba su da mayu? Wa ya gaya miki? Nasu ma sun fi ƙwarewa, da diplom suke yi. In kuma ba mayya ba ce 'yar rahoto ce, tana rubuta wa jandarma duk wanda ya shiga gidanku. Na ce ki zauna cikin mutane, kika ce ke sai garka. To ga garka nan, ki ci."

Mijina kuwa dariya ya yi ta yi. Ya ce, "Ke dai kin saba da hayaniyar bene, shirun nan ne ya yi miki yawa. Tsohuwa ce, kaɗaici ne." Na ce kaɗaici ne yake sa mutum tambayar inda ake juya kan gawa? Ya ce to ki tambaye ta mana. Na ce Allah ya kiyaye.

Abin da ya ƙarasa ni, wata rana na hango ta a gindin dutsen nan tare da shugaban ƙungiyar. An riga an kafa ƙarafan hawa an fara wanke shi. Suna magana ƙasa-ƙasa, sai ta ɗaga sandarta ta nuna gidanmu, shi ma ya juyo ya duba. Na ce shi ke nan, shiri suke yi a kanmu, so suke su sami abin da za su riƙe a kore mu. Na ƙara azkar safe da yamma. Ƙullin kek da ta taɓa ajiye mana a bakin ƙofa, tsuntsaye na ba wa, Allah ya yafe mini, har na tsaya ina duba ko za su faɗi. Na ɗauko tsofaffin zannuwa biyu na rataye a saman katanga don in tare mata gani. Kafin azahar dattijon ya zo, da ladabinsa, ya ce ana hango zannuwan daga lungu, kuma launinsu bai yi daidai da na garin ba. Na sauke ina haɗiye abin da ke bakina.

Ranar da tsohuwar ta zo, bayan la'asar ne, ana ruwa. Na leƙa na gan ta tsaye a ƙofa ba lema, ta rungume wani tsohon gwangwanin biskit a ƙirji. Na daɗe hannuna a kan makulli. Amma ba a haife ni a gidan da ake barin sa'ar kaka a cikin ruwa ba. Na yi bisimilla na buɗe, na ba ta tawul, na dafa shayi, na zauna nesa kaɗan, kusa da ƙofa.

Ta dubi ɗakin ta ce, "A can aka haife ni, inda kika sa firji. Gidanmu ne wannan kafin a sayar."

Ta buɗe gwangwanin ta turo mini. Na leƙa a tsorace. Laya ce, 'yan uwa. Laya irin tamu, an ɗinke ta da jar fata, ta bushe ta yi baƙi, igiyarta ta tsinke. A gefe ga 'ya'yan tasbaha na itace a warwatse. Irin layar da kakana yake ratayawa a damtse.

"A ina kika samu wannan, Mama?"

Ta ce tana 'yar ƙarama lokacin da Jamusawa suka shigo yankin. Sojojin Afirka ne suka tare su a hanyar da ke ƙasan garin. Da aka fi ƙarfinsu an kashe da yawa bayan sun ajiye bindiga, aka kuma hana kowa ya taɓa gawarsu. Ɗaya ya ja jiki da rauni har bayan katangarsu. Mahaifiyarta ta jawo shi ciki, ta ɓoye shi, ta ba shi ruwa. Bai daɗe ba ya cika.

"Ba ya jin yarenmu sosai, mu ba ma jin nasa. Sunansa ma ba mu samu ba. Yana ta maimaita wasu kalmomi, yana yin haka."

Ta ɗaga yatsarta manuniya, wadda tsufa ya lanƙwasa, ta nuna sama.

Ban san lokacin da na ce la'ilaha illallah ba. Ta zaro ido, ta kama hannuna.

"Shi ne. Shi ne abin da yake faɗi. Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ta rufe ido tana saurare kamar wadda ta ji muryar wani nata.

Ta ce mahaifiyarta ce ta haƙa ramin da kanta, a kusurwar katanga, inda rana ta fi zama. Ba akwati. Ta naɗe shi da farin zanin gado na aurenta, mafi kyau da take da shi. Bayan yaƙi hukuma ta zo tana tattara gawarwakin sojojin zuwa makabartarsu, mahaifiyarta ta yi shiru. Mijin mahaifiyar ya tafi yaƙin bai dawo ba, ba a taɓa nuna mata inda yake kwance ba. Ta ce wannan nata ne, ba mai ɗauke mata shi. Har ta rasu tana sa masa fure, tana kuma damuwa ko ta binne shi ba yadda mutanensa suke yi ba.

Na ce, "Mama, farin yadi ba akwati, haka muke yi. Mahaifiyarki ta yi daidai."

Sai ta fashe da kuka kamar yarinya. Ni ma ina yi. Amma ba zan ɓoye muku ba, a tsakiyar kukan nan wani tunani ya faɗo mini: miyar yakuwa nawa na yi da ganyen kusurwar nan? Har na aika wa yayata busasshe. Na yi wata da watanni ban iya kallon yakuwa ba.

Da ta natsu ta gaya mini abin da ya kawo ta. In mai gidan ya samu izinin rumfarsa, motar haƙa za ta fara ne daga wannan kusurwar. Ita ta yi wa mahaifiyarta alkawarin ba za ta bari a ɗauke shi ba, kuma ba za ta iya kallo a tono shi kamar shara ba.

"Ban san abin da zai fi so ba. Ke ce ta farko cikin mutanensa da na gani a garin nan. Ki gaya mini. In kin ce a faɗa wa hukuma, sai a faɗa. Garkarki ce yanzu, ke za ki buɗe musu ƙofa."

Da mijina ya dawo na gaya masa. Bai yi dariya ba a wannan karon. Ya fita garka a cikin yayyafi, ya kwance igiyar shanyar da kansa, ya tsaya ya daɗe. Da ya shigo ya ce, "Kin dai san abin da zai biyo baya. Mai gidan nan da bakinsa ya faɗa."

Na sani. Kuma gaskiya raina ya so shiru. Na ce masa ai za mu iya daina taka wurin, mu riƙa yi masa addu'a, ba wanda ya ji. Wataƙila ma ba za a ba da izinin ginin ba. Sannan wa ya tabbatar mana ba shiri ba ne? Na gan ta da idona tana nuna gidanmu ga shugaban nan. Su ne ke neman abin da za su tare mai gidan da shi, ga shi sun samu, kuma da hannunmu suke so a yi, mu da ba mu da kowa a garin.

Ya ce, "Layar ma shiri ce?"



Ranar Juma'a muka shiga Lyon. Bayan masallaci muka nemi wani dattijon malami ɗan Tawa da ke zama a shagon ɗansa a unguwar Guillotière, tsakanin buhunan gero da busasshen kifi. Bayan doguwar gaisuwa mijina ya faɗa masa komai. Ya daɗe yana jan gemu. Ya ce sallar gawa lokacinta ya wuce, amma addu'a da sadaka ba sa wucewa. Ya ce da za a bar shi inda yake ba mai taɓa shi, barinsa ya fi. Amma a tono Musulmi da mota, ko a ajiye motoci a kansa, kuna sane, wannan ba za ku iya amsa shi gobe ba.

Na ce daga bayan mijina, "Malam, gidan fa? Korar mu zai yi."

Ya leƙo ya dube ni. "'Yata, naku ai na haya ne. Na mamacin ne ba na haya ba."

Na ji haushin maganar a lokacin, don shi ba garka zai rasa ba. Amma a tiran, jirgin cikin gari, da muka hau zuwa tashar mota, maganar ta ƙi fita raina.

Mun yanke cewa mai gidan za mu fara gaya wa, kada ya ji a bakin wasu. Mijina ya kira shi ya sa a lasifika. Fara'ar nan duk ta tafi.

"Ƙashin wa? Tatsuniyar tsofaffi! Ba ku gane ba? Amfani suke yi da ku. Sun rasa yadda za su yi da ni, sun samo baƙi masu tausayi. Kuna tsammani son ku suke yi? In sun gama da ku ko gaisuwa ba za ku samu ba."

Abin da ya fi ciwo, duk abin da ya faɗa na riga na faɗa wa kaina.

Washegari ni da tsohuwar muka tafi ofishin magajin gari, tana dogara sanda ina riƙe da gwiwar hannunta. Daga nan abu ya fita hannunmu. Jandarma suka zo, bayansu mutanen hukumar da ke kula da kaburburan sojoji. Aka kafa farar rumfa a kusurwar, aka cire yakuwata, wasu mata biyu suka durƙusa da 'yan ƙananan buroshi suna share ƙasa a hankali. Ina ɗaki ina cewa, in ba a samu komai ba fa? Mun ɓata da mai gida a banza, garin kuma ya samu abin dariya. Sai ga ɗayar ta ƙwanƙwasa ƙofar baya, ta cire safar hannu, ta ce, "Yana nan, Madam." An samu maɓallan rigar soja da ragowar yadin.

Na shiga kicin na kwaɓa ƙullin masa, wato waina, don a gida in an yi rasuwa sadaka ake yi, ni kuma ban san wani abin da zan yi ba. Na soya tire guda na bi jandarma da ma'aikatan da maƙwabta ina miƙawa. Wani matashin jandarma ya tambaye ni bikin me ake yi. Na ce ba biki ba ne, ladan na wancan ne da ke kwance. Ya dubi masar, ya cire hularsa, sannan ya ci.

Shugaban ƙungiyar ya zo a kan batun layar. Ya ce abin tarihi ne, za a sa ta a akwatin gilashi a ofishin magajin gari, watakila ma a farke ta a ga ko akwai suna. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba na ce, "Musyu, ba ta garin ba ce. Uwarsa ce ta sa aka ɗinka masa, ko matarsa. Da ita ya zo, da ita zai tafi." Ya fara bayani a kan amfanin jama'a. Tsohuwar ta miƙa gwangwanin ga wata jami'ar hukumar a gabansa, ta ce a sa masa. Ya gyara hularsa ya ja da baya.

Bayan sun gama bincikensu aka kai shi makabartar sojoji. Mijina da malamin nan da wasu mutane daga masallaci suka raka shi, suka tabbatar an juya fuskarsa gabas. Ni na zauna da tsohuwar a ɗakinta na sama. Ranar na fara ganin garkata daga tagarta. Ashe daga nan ba a ganin ƙofata, ba a ganin tagogina. Kusurwar nan kawai ake gani.

Da aka gama gyaran dutsen aka yi taro. Ya fito fes, sunaye sun fito da ruwan zinariya, a ƙasa kuma an ƙara layi ɗaya: soja ɗan Afirka, ba a san sunansa ba, ya mutu a garin nan. Na tsaya can baya, su suna ajiye fure ni ina karanta ƙulhuwallahu. Duk da haka mai hoto ya nemo ni, na ga kaina a jaridar yankin kusa da shugaban, yana murmushi. An hana izinin rumfar, aka ce kusurwar ta zama wurin tarihi. Da wa'adin hayarmu ya kusa, takarda ta zo: mai gidan yana bukatar gidansa, 'yarsa za ta shiga.

Ina cikin ɗaure kwalaye tsohuwar ta zo ta zauna a kan ɗaya. Na ce yau dai sai na tambaya.

"Mama, ki gaya mini gaskiya. Shugaban ƙungiyar nan ne ya aiko ki wurina?"



"Ya san labarin tun yana yaro. Duk tsofaffin garin nan sun sani."

Na ajiye abin da ke hannuna. "Duk sun sani? Shekara da shekaru? To me ya sa sai yanzu?"

"Don yanzu ne za a haƙa. Shi ya ce in faɗa, na ƙi. Ya ce to in tambaye ki." Ta ɗago ta dube ni. "Amma ko bai ce ba zan tambaye ki. Tun ranar da na ga kin cire takalmi a garkar nake son in tambaye ki."

"Kun san za a kore mu?"

"Shi ya sani," in ji ta. "Ni ban so in sani ba."

Na ci gaba da naɗe kofuna a jarida. Ta miƙo hannu ta ɗauki ɗaya ta fara taya ni, ban hana ta ba.

Ta rasu bayan mun tashi da kamar shekara biyu. Na je na tsaya a wajen cocin har aka fito da ita. Shugaban ya gan ni, ya rusuna kamar yadda ya saba. Na amsa gaisuwarsa, iyaka.

Har yau in aka tambaye ni ko an yi amfani da mu, cewa nake an yi. Yayata ta ce ai ta faɗa, kodayake ba abin da ta faɗa ba ne. Garin ya samu dutsensa fes da kusurwarsa, ba rumfar motoci, mu kuma mun koma saman bene. Zargin da na yi bai zama ƙarya duka ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi kamar ya zama ba. Abin da na gane kawai shi ne, mutum zai iya sanin ana tura shi, kuma inda ake tura shin ya zama nan ne ya kamata ya je ko da ba a tura shi ba. Wannan bai rage mini kewar gidan ba. Akwai ranakun da nake tsayawa a baranda in dubi siminti a ƙasa, in ce da na yi shiru. Sai in tuna akwai wata uwa a wani gari, wataƙila ba nisa da namu, da ta mutu tana duban hanya, ba ta san ɗanta ya cika da kalmar shahada a hannun wata Anasara da ta ba shi zanin aurenta ba.

In kun idar da salla yau ku sa shi a addu'a. Ba ni da sunan da zan ba ku. Ku ce sojan nan kawai, Allah ya san shi.